Baban Asabar da Jakarsa

Shekararsa sittin da ɗaya, mai gyaran keken ɗinki ne, kuma bai taɓa kama ko ɗakin haya a birnin nan ba. Shagonsa na can wani ƙaramin gari, tafiyar rabin yini a mota. Duk da haka, idan wani ɗan garinsu zai shigo birni hutun ƙarshen mako, wurinsa yake fara biyawa ya tambayi abin da zai gani da abin da zai ci.

Amsarsa ba irin ta kowa ba ce. Gidan tarihi, a wurinsa, wuri ne mai sanyi da dogon benci a ɗakin tsofaffin tukwane, inda mai gadi ba ya cewa a tashi. Gidan namun daji a je da safe, kafin zaki ya juya wa mutane baya ya kwanta. Babban kantin nan mai matakalar da ke tafiya da kanta, banɗakin hawa na biyu ya fi na ƙasa tsafta. Burodi a saya ta ƙofar baya a gidan burodin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, lokacin da ake fitar da shi da zafinsa. Kifi kuwa sai na matar da ke soyawa a gindin gada. Sannan kada a ba yaro askirim idan za a hau bas. Wannan a kan rigarsa ya koye shi.

Saboda 'yarsa ya san birnin haka. Tana ƙarama suka rabu da uwarta, uwar ta dawo birni da ita, ta yi wani aure. Mijin mutumin kirki ne, ya sha ce masa ya shigo ya zauna, amma bai taɓa wuce bakin ƙofa ba. Gidan wani ne, in ji shi. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata za a gan shi tsaye a nan da safe, jakar kayan aikinsa a kafaɗa, yaran unguwa su ruga ciki suna ihu ga Baban Asabar ya zo. Sunan ya bi shi har garinsu.

To, mutum ya karɓi yarinya da safe, sai yamma zai mayar da ita, ba shi da ɗakin da zai kai ta. Dole ya san inda ake samun inuwa, inda za a ba su ruwa, da mai shayin da zai bar uba da 'ya su daɗe a kan kofi ɗaya. A shagon wani tela yake kwana, tsakanin yadudduka, telan kuma ba ya son a bar masa kaya da rana. Don haka jakar ta ga duk abin da suka gani. Mai gadin gidan tarihi ya yi shekaru yana buɗe ta, yana fito da sukundireba da gwangwanin mai yana mayarwa.

Uwata yake kiran 'yar, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Duk maganar da suka taɓa yi, a tafe suka yi ta, kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon gabansa. A kan gada ta gaya masa ta faɗi jarrabawa. A gaban kejin jimina, bayan shekaru, ta gaya masa akwai wani malamin makaranta da ke son zuwa ya gaishe shi.

Bara aka yi auren. Ita tana aiki a kantin magani, suka kama gida a hawa na uku, suka ware masa ɗaki da sabuwar katifa da labule shuɗi.

"Baba, yawo ya ƙare," ta ce da shi a waya. "Yanzu kana da wurin zama. Ka zo ka miƙe ƙafa."

Ya ce to, madalla. Amma maƙwabcin shagonsa, mai faci, ya ce ranar Baban Asabar bai ƙara taɓa aiki ba. Abin da ya tsaya masa ƙarami ne a faɗa: yawon nan shi ne kaɗai abin da ya taɓa ba ta. In ba ta bukatarsa, bai san abin da zai riƙa zuwa da shi ba.

Ya je. Ya zauna a bakin kujera, jakar a tsakanin ƙafafunsa. Ta kawo shinkafa da kaza, ta zauna tana fuskantarsa.

"Ya hanya, Baba?"

"Lafiya lau."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

Surukin ya kunna talabijin, ya rage murya, ya sake ƙarawa. Tsohon ya tambaya ko akwai keken ɗinki a gidan da zai duba. Babu. Ya tashi ya sa wa ƙofar kicin mai, ya ɗaure hannun wata tukunya, ya dawo ya zauna. Da la'asar ta yi ya ce ya yi wa tela alkawarin gyara, ya sauka. Katifar ko ledarta ba a cire ba.

Watan da ya biyo baya ya ce aiki ya yi yawa. Na bayansa ya ce ƙafa ce. Ƙafar ba ta hana shi hawa mota ba: ya shigo birni bai gaya wa kowa ba, ya sayi burodinsa, ya zauna a ɗakin tukwane, ya gangara gindin gada.

Mai kifi ta san shi tun 'yar na tsayawa a kan bulo kafin ta hango cikin kasko.

"A'a, Baban Asabar! Ina 'yar rakiyarka?"

"Ta girma. Tana da gida."

"To kai fa, korar ka aka yi?"

"Ke dai zuba mini kifi. Wutsiya, kuma ki rage gishirin nan naki."

"Gishirina ne ya yi maka rainon 'ya, yau shi za ka zaga? Zauna, sai na sa sabo."

Ta juya baya kamar tana rura wuta. Waya ta ɗauko. A kantin da 'yar ke aiki take sayen maganin hawan jini, tana da lambarta.

Bai gama cin rabin kifin ba ya ga 'yarsa ta sauko daga tasi da farar rigar aiki a jikinta. Ba ta gaishe shi ba. Ta zauna a gefensa a kan bencin, ta jawo takardar kifin gabanta.

"Wato ƙafar ce ta kawo ka nan."

"Uwata..."

"Ka shigo garin nan, ka ci kifin nan, ba ni? Baba, ko kunyar gadar ba ka ji ba?"

"Ke kika ce yawo ya ƙare."

"Don ka huta na faɗa! Tun ina yarinya nake ganin ka da jakar nan kamar wanda mota ta tafi ta bari."

Ya mayar da kallonsa ga ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gada. Can ya ce, "Ni ban iya zaman falo ba. In kina kallona, maganar guduwa take yi."

"Ni ɗin ce maka aka yi na iya? Bayan ka tafi, maigidan ya tambaye ni ko dama ba ma shiri."

Mai kifi ta ajiye musu wani a gabansu. "Wannan na tsakiya ne, ba wutsiya ba. Ku ci ku tashi mini daga benci, ba gadonku ba ne."

Suka tashi suka hau gada. Kafin su kai ɗaya bakin ta gaya masa mai kantin na neman mayar da ita wani reshe mai nisa, kuma ba ta so. Ya gaya mata idonsa na hagu ya fara ganin ramin allura biyu. Ta tsaya ta yi masa faɗan ɓoye mata da ya yi, sannan suka ci gaba da tafiya.

Yanzu tsarin shi ne: ya kwana a ɗakin mai shuɗin labule, safiya ta yi su fita. Surukin ya bi su sau ɗaya, ya dawo ƙafarsa a kumbure, bai sake ba. Zaman falo har yau bai gyaru ba, gaisuwa ce da talabijin. An duba idon, an ba shi tabarau, yana ƙorafin yana sa shi ganin dattin birni.

Asabar ɗin da ta wuce sun fara da gidan burodi, suka biya gidan tarihi. Mai gadi ya miƙo hannu kamar yadda ya saba, ya ga ba abin da za a ba shi.

"Yau ina jakar?"

"Na bar ta a ɗaki," in ji shi, ya wuce ciki yana ta neman inda zai sa hannuwansa.