Saura Mutum Ɗaya

Shekara huɗu na yi ina tuƙa adaidaita sahu tsakanin Gaya da Ajingi. Da safe ni malamin firamare ne, alli a hannu. Da an tashi daga makaranta sai in rataye babbar riga in zama direba. Albashi ne ya koya min wannan dabara, don tun kafin wata ya raba tsakiya yake yi min sallama.

A tashar da muke lodi akwai wani dattijo ɗan kamasho, mutumin Toranke. Shi ke kiran fasinja, shi ke ɗaure kaya, in ka cika ka ba shi la'adarsa. Gajere ne, ba shi da jiki, amma Allah ya zuba masa murya. In ya ce, "Ajingi! Gafasa! Toranke! Saura mutum ɗaya!" har mai tsiren da ke tsallaken titi sai ya waiwayo. Mutum ɗayan nan kuwa ban taɓa ganin ranar da ya iso ba. Ko babu kowa a ciki sai buhun gero, saura mutum ɗaya ne. Da muryar nan yake ciyar da gidansa. Ranar da bai yi kira ba, ranar ba a ɗora tukunya.

Ranar da na fara, na shiga layi na kashe inji, na naɗe hannu kamar mai jiran sufeto. Sai ga shi a kaina.

"Malam, makaranta ka zo ko tasha?"

"Layi nake jira, Baba."

"To wa zai shiga matacciyar mota? Kunna! Ka ba ta wuta, ka ɗan matsa gaba, ka dawo baya. Fasinja in ya ji ƙugi, gani yake yanzu za a tashi."

Na gwada, sai ga mata biyu sun taho da gudu suna riƙe mayafi. Daga ranar na zama gwani. Duk direbobin tashar haka muke yi, mu bar inji yana ƙugi rabin awa ba inda za mu. Tawa adaidaitar kuwa ta hannu ce, tana shan baƙin mai kamar kunu, hayaƙinta har shuɗi-shuɗi yake yi. Bakanike ya ce ringin inji ne ya cinye, in kawo a canja. Na ce masa sai bayan Sallah. Sallah ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ni da bakanike muna ta gaisawa da mutunci. Wurin tsayuwar Baba kuma shi ne baya, inda ake ɗaure kaya, dab da salansa mai fitar da hayaƙi, baki buɗe tun safe har la'asar sakaliya.

Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: bai taɓa sa taba a bakinsa ba. In wani direba ya kunna sigari kusa da shi, sai ya kore shi da hula. "Je ka can da tsiyarka, kada ka lalata min maƙogwaro, da shi nake ci." Yana faɗa yana tsaye cikin hayaƙin adaidaita biyar, mu kuwa muna ta dariya. Ba wanda ya ga abin mamaki a ciki, har ni mai koyar da kiwon lafiya a aji huɗu.

Da bazara abin ya fi muni. Manoma na sharar gona, kowa ya tara kara da yayi ya cinna wuta. Masu farautar gafiya su ma su kunna wa busasshiyar ciyawa, wutar ta ƙwace musu ta bi daji, su kama gafiya biyu su ƙona abincin shanun wani. Jujin bayan tasha kuma ba ya mutuwa, kullum leda na ci a cikinsa. Akwai ranakun da hanyar Gafasa ke rufewa da hayaƙi, sai mu kunna fitila da rana tsaka muna rarrafe, ido na hawaye. Sawu uku ya koma biyu. Masu nono su fasa fitowa, 'yan ƙodago su tashi daga aiki tun kafin azahar. In direba bai yi sawu ba, ɗan kamasho ma bai samu ba.

A irin wannan bazara ce Baba ya fara tari. Da farko mun mai da shi abin tsokana, muna cewa tsufa ne ya zo karɓar haraji. Ya sha shayi mai citta, ya tauna kanumfari, ya lashi zuma har mai zumar ya san hanyar gidansa. Na saya masa takunkumi, ya sa shi a haɓa.

"Baba, ai hanci ake rufewa."

"In na rufe, ta ina kiran zai fita?"

Muryar ta fara dishewa. "Ajingi" na fita, "Gafasa" ta maƙale, "Toranke" sai a tari. Ya fara fashin kwana ɗaya, ya koma uku. Da na ga abin ba na wasa ba ne, na ɗauke shi zuwa asibiti. Likita ya sa abin awo a ƙirjinsa ya saurara, sannan ya ce, "Baba, kara nawa kake sha a rana?"

Ban taɓa ganin ran Baba ya ɓaci irin na ranar ba. "Ni? Taba? Malam, gaya masa!"

Na rantse wa likita. Ya tambayi sana'arsa, aka gaya masa. Ya ce a ina yake tsayawa in ana lodi. Baba ya juyo ya dube ni, ni kuma na dubi takalmina. Likita ya rubuta magani, ya ce ya nisanci hayaƙi, ya kuma daina ɗaga murya.

"Likita, ka ce in daina cin abinci kawai," in ji Baba.

A makon nan na kai adaidaita wurin bakanike. Aikin da na yi shekara biyu ina gudu, wuni ɗaya ya ɗauka. Ihu bayan hari ke nan. Na ji kunya, kuma har yau ina jin ta. Gaskiya Baba ne ya koya min ba ta wuta, amma bai ce in bar ta tana feshi a fuskarsa ba.

Ya dawo tasha ya gwada na sati guda, yana buga jikin mota da tafin hannu maimakon kira. Fasinja ba sa gane bugu. Shugabannin tasha suka sayo 'yar lasifika mai ɗaukar magana tana maimaitawa, suka rataye ta a jikin darbejiya. Ita ba ta tari, ba ta kuma karɓar la'ada. Aka yi wa Baba godiya, aka yi masa addu'a, aka haɗa masa ɗan abin da ya sawwaƙa.

Ni na mai da shi Toranke, shi kaɗai a baya da buhun kayansa. Gonaki na ta hayaƙi hagu da dama. Mun wuce rabin hanya sai na hango wata mata a gefen titi da ƙwarya a ka, ta ba mu baya tana tafiya. Ta madubi na ga Baba ya leƙa, ya ɗaga hannu, ya buɗe baki yadda ya saba. Matar ba ta waiwayo ba. Ya taɓa kafaɗata, leɓensa na motsi, ban ji komai ba saboda ƙarar inji. Na tsaya na kashe.

"Malam, kujera biyu babu kowa," ya ce da raɗa. "Kira ta mana. Ni ba ta ji na."