Harsashin da Bai Fashe Ba a Bakin Falgore

Har yau ban manta da ranar Talatar da muka yi atisayen igwa a bakin dajin Falgore ba. Da rani ne, ba a daɗe da tare ruwan Tiga ba. A lokacin ina kofur, igiya biyu.

Ku da kuka shigo aikin daga baya, ga yadda tsarin yake. Da farko a aika wa dagatai su yi shela kada kowa ya shiga daji. Sannan a kafa jar tuta. Idan aka fara harbi, mutum ɗaya yana ƙirga harsashin da ya fita daga bakin igwa, wani kuma yana ƙirga ƙarar fashewa. Ni ne na biyun. An harba arba'in, na ji talatin da tara.

Na je na ƙame gaban laftanan ɗinmu na faɗa masa. Ya ce, "Kofur Ado, ko dai kunnen ne ya fara tsufa?"

Na ce, "Yallaɓai, kunnena lafiya lau. Ɗaya yana kwance a daji."

Ya ba ni mutum shida da mota. Sai washegari da hantsi muka ga ramin da harsashin ya faɗa, ba komai a ciki, sai sawun jaki. Sawun ya kai mu wata sabuwar unguwa ta mutanen da ruwan Tiga ya tasa. Shela ba ta isa gare su ba, domin sunan unguwar ba ya cikin takardar kowane dagaci.

A nan na yi kuskurena. Na diro daga mota da takalmi na tsaya a kan dattawa suna zaune a inuwa. Ban yi sallama ba. Na ce, "Wa ya ɗauki ƙarfen gwamnati?"

Wani tsoho, Malam Sale maƙeri, ya ɗago kai. "Sannu da zuwa, samari. Mu da ruwa ya ci garinmu, ina muka ga ƙarfe?"

Na ce, "Baba, abin nan fashewa yake yi. Kuma duk wanda aka same shi a wurinsa, sai ya kwana kulle a gadurum ɗin bariki."

Ya ce, "To, madalla. Haka ma'aikatan dam suka ce mana ruwa ba zai kai masallaci ba. Yanzu a kansa muke jefa taru."

Sojojina biyu suka yi dariya, na daka musu tsawa. Muka bincike maƙera, muka leƙa rumbuna, ba mu ga komai ba. Ashe tun da suka ji ƙarar mota suka binne harsashin a cikin juji. Na koma na ba da rahoto, aka rubuta cewa ba a samu ba.

Ranar Asabar Malam Sale ya tono shi ya sa a wuta, yana son ya fitar da fartanya kafin damina. Harsashin ya fashe. Shi da ƙanensa mai yi masa zuga, ba wanda ya tashi.

Na je ta'aziyya da farar riga, na cire takalmi, na yi sallama. Suka amsa, suka matsa mini a tabarma. Da zan tafi wani dattijo ya rako ni. Ya ce, "Kofur, da ka zauna haka rannan, da mun ɗauko maka. Amma kai ɓarawo ka zo nema."

An koya mana ƙirga harsashi, an koya mana bin sawu. Ba a koya mana yadda ake roƙon mutanen da suka daina yarda da maganar mai kaki ba. Na yi shekara goma sha ɗaya a aiki bayan wannan, ban ga an ƙara ko layi ɗaya a cikin tsarin ba.