Ajiyar Kafinta a Gindin Randa

Ban cika yarda da tunanina ba yanzu. Shekaru sun yi nisa, mai yiwuwa na cakuɗa wata rana da wata. Abin da na riƙe kawai zan faɗa.

Da na gama jami'a na dawo koyarwa a Jimeta, gidan Goggo na sauka, ƙanwar mahaifina. A ɗakin kusa da zaure akwai 'yan haya, wani kafinta mutumin Gabas da matarsa. Suna da faifan garmaho na waƙoƙin Kirsimeti irin na da. Mace ce ke rerawa, murya a sanyaye kamar mai lallashin jariri. Ranar bikin Kirsimeti matar takan sa shi tana bi a hankali, ta aiko wa Goggo shinkafa. Da Layya Goggo ta rama da cinyar rago.

Da rikici ya tashi gabanin yaƙin basasa, suka tafi a gurguje. Kafintan ya miƙa wa Goggo faifan, ya ce a mota zai fashe, ta ajiye masa.

Na so in kulle shi a akwatina na ƙarfe. Goggo ta ƙi, ta ce zafin Yola zai lanƙwasa shi. Ta naɗe shi da zane ta ajiye a gindin randa, kan yashi mai laima. Duk Kirsimeti kuma sai ta sa in aro garmaho. Ni dai hankalina ba ya kwanciya, ana yaƙi, ga waƙar coci a gidan Musulmi.

"Goggo, mutane fa za su yi magana."

"Su yi. Ajiyar da ba a dubawa ba ajiya ba ce. In tsoro kake ji shiga ɗaki, Malam mai digiri."

Ko kalma ɗaya ba ta ji a waƙar. Tana ɓarar gyaɗa take saurare, in ya ƙare ta ce, "To, yana nan da rai," ta mayar.

Laimar da ta tsare faifan ita ta jawo gara. A shekarar ƙarshe, in ban manta ba, muka kwance zanen muka tarar ta cinye kwalin faifan, har hoton mawaƙiyar. Goggo ta daɗe tana kallon garin takardar. Daga ranar kullum zancenta ɗaya: da wane ido za ta dubi kafintan?

Da aka gama yaƙi sai ya dawo, shi kaɗai, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana.

"Goggo, kai ya tsufa!"

"Kai kuma har yau Hausarka ba ta warke ba. Ina amaryata?"

Ya sunkuyar da kai. Ba ta sake tambaya ba.

Ta ɗauko faifan tsirara, ta fara ba da haƙuri. Ina jin bai ma saurare ta ba. Ya ce a sa. Na je na aro garmaho da rana tsaka, ba lokacin bikin ba. Muryar ta fito garau. Waƙa ta biyu ba ta kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Malam, cire."

Na cire. Ya ce wa Goggo ta ci gaba da ajiyewa, shi ba shi da ɗakin da zai sa shi tukuna. Ta naɗe ta mayar gindin randa. Daga nan ba ta ƙara cewa in aro garmaho ba, ni ma, a gaskiya, na gaji da ɗaukarsa.

Wata 'yar'uwata ta ce ya dawo daga baya ya karɓa. Ni ban shaida haka ba. A iya sanina faifan yana nan har Goggo ta rasu, Allah ya jiƙanta. Idan akwai wanda ya zauna a unguwar ya san yadda aka ƙare, ko ya ga inda na kauce, don Allah ya aiko mini in gyara.