Malam Ya'u, wanda ya lissafa mini hanyar zuwa wurin Inna

Yanzu da safen nan, ko shayi ban kurɓa ba, ɗansa ya bugo mini waya: Malam Ya'u Lissafi ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu wayar na hannuna, na kasa ajiyewa.

Tare muka fara koyarwa a wata firamare a Kiru, shekarun da ruwan Tiga ya tashi ƙauyukanmu. Ɗaki ɗaya, keke ɗaya, kuma nasa ne. Ban taɓa roƙo ba, sai dai in ga ya jingine mini shi a bakin ƙofa.

A lokacin ina cikin wata damuwa. Akwai wata Bafulatana mai sayar da nono, Inna Dije, ita ta shayar da ni sanda mahaifiyata ta kwanta ciwo. Da ruwa ya zo, rugarsu ta tashi, babu wanda ya san inda suka nufa. Na riƙa mafarkinta tana tafiya a kan ruwa da ƙwarya a ka, in kira ta, ba ta waiwayowa.

Na gaya wa Ya'u. Ashe zagayawa ya riƙa yi yana tambayar masu nono inda suke kai tallansu.

Wata rana bayan an tashi yara, ya zana da'ira biyu a allo, ɗaya ta shiga cikin ɗaya. Ya ce cikin mata goma da ya tambaya, shida suna cin kasuwar Yako, biyar suna zuwa Kwanar Dangora.

Na yi tsalle na ce, “Sha ɗaya cikin goma! Ai na same ta ke nan!”

Ya yi dariya har alli ya faɗi. “Malam Garba, sannu. Uku suna zuwa duka biyun, ka ƙirga su sau biyu. Cire su. Takwas cikin goma. Sauran biyun kuma mu bar wa Allah.”

Haka muka riƙa zuwa kasuwannin biyu, shi yana tuƙi, ina baya, dawa ta rufe hanya hagu da dama. Mako shida babu labari. Na ce mu haƙura, ya ce shi bai gaji ba.

A na bakwai, a Kwanar Dangora, wata tsohuwa ta ɗago daga dama fura ta zuba mini ido. Ludayin ya suɓuce mata. Da Fulatanci ta kira ni ɗanta: “Ɓingel am, Garba!”

Na durƙusa ina kuka. Ya'u ya koma gefe yana ta duba tayar keke, alhali lafiyarta ƙalau.

Shekara tara na yi ina kai mata ziyara kafin Allah Ya ɗauke ta.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da shi a Tudun Wada ne, daminar bara. Idonsa ya mutu. Ya sa aka fito masa da tabarma, ya juya fuska kudu ya ce, “Mutumina, gaya mini, duwatsun Doguwa sun yi kore?” Daga nan ba a hango su sosai, amma na ce sun yi, har gajimare ya sauka a kansu. Ya yi murmushi.

Ya Allah Ka gafarta wa Ya'u, Ka haskaka kabarinsa, Ka buɗe masa ido a Aljanna Firdausi, Ka ba iyalansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya sa shi a addu'a.