Ni da Matar Sarkin Ingila ta Huɗu

Ina da shekara arba'in da bakwai na fara koyon karatun boko, a falon wani malamin jami'a ɗan Zariya da ke zaune a unguwar Mesaimeer, a ƙasar Larabawan da muke ci-rani. Duk Juma'a bayan la'asar muke taruwa, mu shida, masu gadi da direbobi. Da farko littattafan yara ya kawo mana, sai wani direba ɗan Gusau, abokin ɗakina, ya ce, "Malam, gemu ya yi furfura muna karanta akuya ta sha ruwa? Babu labarin manya ne?" Malam tarihi yake koyarwa, sai ya koma rubuta mana labarai da Hausa, da manyan baƙaƙe. Ya ɗauko mana wani sarkin Ingila na shekara ɗari biyar da suka wuce, mai aure shida, muna karanta labarin mace ɗaya duk mako.

A lokacin ina gadi a wani ginin ofisoshi a Mushairib. Hoto ne ya kai ni can. Mai hoto a Kano ya goge mini furfura, ya rage tumbi, ya yi mini fata irin ta ango. Ejan ya tura, kamfani ya ce wannan ya dace da ƙofar gilashi. Da na iso ba wanda ya tanka. Aka ba ni yunifom da doka guda: ba kati, ba shiga.

Wata Asabar da safe wani ƙato ya shigo da gajeren wando, gumi sharkaf, ya nufi lif. Na sha gabansa na ce kati. Ya yi murmushi ya ware hannuwa, wai in dube shi da kyau. Na dube shi da kyau, na ce kati. Na zaunar da shi a benci gaban masu goge-goge, har sufabaiza ya sauko a guje yana ba shi haƙuri. Ashe babban manajan ginin ne. Hotonsa na rataye a bayana tun ranar da na fara aiki, cikin kwat, gashi cike da kai. Wanda na tare kuwa sanƙo gare shi.

Ba a ce na yi laifi ba, tunda dokarsu na bi. Sai manaja ya sa aka kai masa fayil ɗina, ya dubi hoto, ya ce ba wannan ya ɗauka ba, tsoho aka kawo masa. Ran Talata sufabaiza ya miƙo mini takarda: za a mayar da ni gadin siton tayil a Al Wukair, can bayan gari, in sa hannu nan da Lahadi. In na ƙi fa? Ya ce "halas", wato shi ke nan, sai gida, ya yi sama da tafin hannu kamar jirgi ya tashi. 'Ya'ya biyar na baro a gida, babu wanda ya kai ɗaukar nauyin kansa.

Ɗan Gusau ya ce, "Baba, kar ka sa. Kai ƙara! Mutum ya yi gaskiya kuma a kai shi jeji gadin tayil?"

Ran Juma'a muka zo kan mace ta huɗu. Ta farko ta ƙi karɓar saki, ta mutu a wani gida mai sanyi, an raba ta da 'yarta. Ta biyu an sare kanta. Ta uku ta haihu ta rasu. Ni aka ba karatun ranar, ina bin layi da yatsa.

Ita wannan daga ƙasar Jamus take, ba ta jin Turanci. Sarki ya tura mai zane ya zano ta, ya ga zane ya ce a kawo. Da ta iso, sai gogan naka ya ɓad da kama, ya shiga mata ɗaki a matsayin ɗan aike, wai zuciyarta za ta gane shi. Tana tsaye a taga tana kallon wasan bijimi da karnuka, sai ga wani dattijo mai teɓa ya rungume ta. Ta kau da kai ta ci gaba da kallon bijiminta. Ya fita ya sako kayan sarauta ya dawo, amma aikin gama ya gama. Daga ranar ya fara cewa ba ta yi kama da yadda aka kwatanta masa ba.

Na ɗaga kai. Duk falon ana dariya, ɗan Gusau har da buga cinya. "Malam, ai wannan ƙanwar Baba ce!"

Wata shida aka yi, aka kawo mata maganar raba aure, wai ta amince cewa tun farko bai ɗauru ba. Ta amince. Aka ba ta gidaje da barori, aka naɗa ta 'yar'uwar sarki. Wazirin da ya haɗa auren aka sare shi. Mai zane ko ƙwarzane. Ita kuwa ta ci ta sha, ta ga bayan sarkin da sauran matansa duka, aka binne ta inda ake binne sarakuna.

Da aka tashi na nuna wa Malam takardata. Da Turanci take, amma ya ce in haɗa baƙaƙen da kaina, shi ya fassara. Muka yi kusan awa. A layi na uku aka rubuta cewa ni na roƙi canjin, saboda tsayuwa ta fara yi mini wuya.

Na ce, "Malam, wannan ƙarya ce."

Ya ce, "Ƙarya ce, Alhaji. Kana da damar kai ƙara, zan raka ka. Amma ba ni zan zaɓa maka ba."

Ɗan Gusau ya ce, "Waccan mace ce, Baba. Kai namiji ne."

Na ce, "Wazirin ma namiji ne."

Kwana biyu ina juya maganar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da ban iya haɗa baƙi ba, da na dangwala ban san an ce na gaji ba. Yanzu da idona na ga ƙaryar. Ran Lahadi na je ofis na sa hannu a ƙarƙashinta, na yi godiya, har na tambayi ƙarfe nawa motar Al Wukair ke tashi.

Sufabaiza ya ja ni gefe. "Kai, ɗaure fuska mana! Manaja na kallo ta gilashi. In ya ga kana murna zai sake tunani."

Na ɗaure fuska na fito ina jan ƙafa.

Sito ne na tayil, a ƙarshen wani layi da ba a gama ginawa ba. Akwai ɗaki mai iyakwandishan, da kujera, da butar shayi. Mota biyu ko uku ke zuwa a yini. Bayan wata guda sufabaiza ya kira ni, wai manaja na tambaya yaya tsohon nan yake. Na ce a gaya masa ina shan baƙar wahala, rana ta gama da ni, kullum cikin nadama nake. Ya ce madalla, zai isar. Na ajiye waya na ƙara sukari a shayi, don ranar akwai dogon shafin karatu a gabana.