Mai Karanta Saƙonnin Yamma

Mutanen yankin Omaheke sun san Rijandjee Kandjii da kunne tun kafin su san ta da ido, wasu ma har suka mutu ba su taɓa ganin fuskarta ba. Shekara kusan talatin ta yi tana zama gaban makirfo a sashen harshen Herero na gidan rediyon ƙasa da ke Windhoek, babban birnin ƙasar, tana karanta saƙonnin yamma. Wane ya rasu a Otjinene, za a binne shi ran Asabar. Wance ta sauka lafiya a asibitin Gobabis, a zo da mota a ɗauke ta. Jan bijimi mai tsagaggen kunne ya ɓace wajen Epukiro, wanda ya gan shi ya taimaka. Ƙasa ce mai faɗi, mutanenta ƙalilan, sai mota ta wuni tana gudu ba a ga komai ba sai shingen waya da itatuwan ƙaya. Kafin jarida ta isa wasu garuruwan, labarin cikinta ya tsufa. Don haka da rana ta yi sanyi aka dawo da shanu, sai a rataye rediyo a reshen bishiya, a tsawata wa yara, a kasa kunne.

A Aminuis aka haife ta, a can kuma ta fara koyarwa a firamare. Wata shekara wani ma'aikacin rediyo ya zo ɗaukar waƙar 'yan makaranta, ya ji ta tana kiran yara daga ƙarshen fili ba tare da ta ɗaga murya ba, kuma duk suka juyo. Ya ce mata ta zo birni a gwada ta. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Tjikuu, ba ta so tafiyar ba. Ta ce, "Aikin me ke nan, mace ta shige ɗaki ita kaɗai tana magana da bango?" Amma ranar da muryar 'yarta ta fara fitowa daga akwatin, sai da Tjikuu ta tara maƙwabta, ta raba musu nono, ta hana kowa tari.

Aikin ba shi da ado, amma Rijandjee ta riƙe shi da gaske. Ba ta karanta sunan mamaci sai ta tabbatar da yadda ake faɗarsa, da dangin uwarsa, da garin da shanun gidansu suka fito, don ta san akwai masu suna iri ɗaya, kuma kuskure kaɗan zai sa wata mata ta yanke jiki ta faɗi a banza. Ba ta kuka a gaban makirfo, ba ta kuma gaggawa. Sau ɗaya aka ji ta yi dariya, ranar da wata mata ta aiko a gaya wa mijinta da ke kamun kifi a Walvis Bay cewa in bai dawo kafin ƙarshen wata ba, to ya sani za a sayar da sarƙar agogonsa da wandonsa na coci. Mutumin ya dawo, har ya biyo ta ofis yana huci, ya ce ta tozarta shi a gaban duniya. Ta dube shi ta ce, "Tate," wato Baba a harshensu, "ni abin da aka ba ni na karanta. Wandon yana nan ko an sayar?"

A unguwar Katutura da ke Windhoek ta zauna, a ɗan gida mai ɗaki biyu. Mijinta direban jirgin ƙasa ne, ya rasu 'ya'yansu biyu suna ƙanana, ita ta yi fama da su har suka kama gabansu. Kullum sai ta sa doguwar rigarta ta Herero da ɗaurin kai mai ƙaho biyu ta tafi aiki, ko da yake ba mai ganinta sai injiniyan da ke bayan gilashi. Ɗaurin kan ba ya barin abin saurare ya zauna a kunne, sai ta riƙa riƙe shi da hannu ɗaya. Haka ta yi ta yi har kafaɗarta ta hagu ta soma ciwo, ciwon da bai sake ta ba.

Abubuwa ba su lalace rana ɗaya ba. Da farko gidajen rediyo masu zaman kansu suka cika birni da kiɗa da wasan ƙwallo. Sai waya ta zo, kowa ya koma tura saƙon rasuwa da hoton mamaci a ciki. Kuɗin da gwamnati ke ba gidan rediyon ya riƙa raguwa, motocin zuwa ƙauye suka tsaya a bayan ofis tayoyinsu a sace, waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu. Mutum ɗaya sai ya fassara labarai, ya karanta su, ya sa waƙa, ya amsa waya. Lokacin zaɓe kuwa, da wani babba ya tashi jawabi sai a ɗauke shirin kowa a sa nasa, matattu da ɓatattun shanu su jira gobe.

Wata safiya shugaban sashen, wani saurayi mai suna Kuveri wanda ita ta koya wa zama gaban makirfo, ya kira ta ofishinsa. Ya yi ta jujjuya biro kafin ya ce, "Mama, daga sabon wata an rage shirinki rabi."

"Rabi? To ka aika wa mutane su rage mutuwa."

"Haba Mama, ba ni na yanke ba. Masu talla matasa suke so, matasa kuma kiɗa suke so. An ce yanzu kowa yana da waya."

"Kowa a Windhoek. Ka taɓa hawa tankin ruwa kana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwan sama?"

"Na hau, Mama. Kin manta daga Okondjatu na fito? Na faɗa musu duk wannan. Suka ce sun ji."

Ta ga idonsa ya yi ja don rashin barci, ta san shi ma gajiyar ce ke cinsa. Daga nan ta koyi karatu da sauri, abin da ta tsana. Ta daina faɗar dangin uwa, ta daina faɗar garin shanu. Tsofaffi suka riƙa bugo waya suna cewa Rijandjee ta zama 'yar birni, tana jero matattu kamar mai ƙirga awaki a kasuwa. Takan ce musu, "Ku yi haƙuri, Tate," ta ajiye kan wayar.

A ƙarshen damina, wata ranar Talata da hantsi, 'yar ƙanwar babanta ta bugo daga Aminuis ta ce Tjikuu ta cika. Ta tsufa ƙwarai, kuma ba ta sha wahala ba, an je tashinta ne aka tarar ta riga ta tafi. Rijandjee ta zauna a bakin gado ta daɗe, sannan ta tashi ta ɗaura kai ta nufi ofis. Ba don son aiki ba. Su biyu suka rage a ɗakin Tjikuu, ita da ƙanenta Ngatangue, wanda ke kiwo a gandun wani Bature can gabas, dab da iyakar Botswana. Wurin ba sabis ɗin waya. Shekara da shekaru rediyo ce kaɗai hanyar da ake kiransa gida.

Kuveri ya ce, "Mama, ki tafi gida, ni zan karanta da kaina."

Ta ce, "Muryata ya sani. In ya ji wata murya zai ce wani Ngatangue ake nufi."

Kafin ta shiga ɗakin watsa shiri, sai Gariseb ya tare ta a bakin ƙofa. Shi ne tsohon injiniyan da ke bayan gilashi, Badamare ne, ba ɗan ƙabilar Herero ba, tare suka tsufa a gidan. Ya cire hularsa ya yi mata gaisuwa, sannan ya ce, "Kin dai tuna tashar gabas a mace take?"

Ta tuna. Tun tsakiyar damina tsawa ta faɗa wa na'urar da ke tura murya zuwa yankin iyaka, an rubuta neman kayan gyara daga ƙasar waje, ana jiran a sa hannu. Ta ji maganar a taro, ta wuce ta kamar sauran maganganun taro.

"Ko kaɗan ba ta kaiwa?"

"Wani lokaci in iska ta yi kyau, mai doguwar eriya yakan tsinci tashar Gobabis. Amma can inda yake, gaskiya ban sa rai ba. Ki ba ni mota da kayan aiki, gobe in tashe ta. Ba ni da ko ɗaya."

Duk da haka ta shiga ta zauna. Ta fara da saƙonnin mutane kamar kullum, sai a ƙarshe ta kawo nata. Ta faɗi sunan Tjikuu cikakke, da dangin uwarta, da garin shanunsu, a hankali, yadda ta saba a da. Ta ce, "Ngatangue Kandjii, duk inda kake, ka zo gida Aminuis. Wanda ya ji, ya gaya masa." Lokacinta ya ƙare tana magana, Gariseb ya ƙi sa waƙar da ke biye har sai da ta gama. Muryarta ba ta yi rawa ba, sai dai da ta fito ta kasa ɗaga hannun hagu.

Washegari ta sake karantawa, rana ta uku ma haka, sannan ta hau mota zuwa Aminuis, Kuveri ya ci gaba da maimaitawa. An aika da saƙo ta hannun direban motar shanu, an kira ofishin 'yan sandan da ke kusa da gandun. Suka je suka tarar da ƙofa a kulle, mai gandun ya tafi hutu bakin teku, makiyayan kuma sun yi nisa da shanu zuwa wata rijiyar burtsatse a ƙuryar daji. Dangi suka zo daga Okakarara, daga Otjiwarongo, har daga Maun ta ƙasar Botswana, duk sun ji a rediyo ko a waya. Aka ɗaga jana'iza mako guda saboda shi. Baƙi suka cinye sa biyu, manya suka fara gunaguni, fasto ya ce yana da wata jana'izar a gaba. Ran Asabar ta biyu aka binne Tjikuu ba tare da ɗanta ba.

Bayan an watse da 'yan kwanaki, wata safiya a-kori-kura ta sauke Ngatangue a bakin hanya. Ma'aikacin allurar shanu ne ya ci karo da shi a rijiya, ya yi masa gaisuwar rashi yana zaton ya sani. Rijandjee na wanke tukwanen da aka aro ta hango shi tafe, ya rame, takalmansa duk ƙura. Bai shiga gida ba, ya ce a nuna masa wurin. Ta raka shi. Ya tsaya a kan kabarin ya daɗe, hularsa a hannu.

Can ya ce, "Yaya, kullum yamma ina kunna rediyo, ba na jin komai sai shuuu. Na ce ko batir ne, na ba da sautu aka kawo sabo. Na ɗaura mata waya na hau bishiya. Daga baya na ce to, wataƙila sun kore ki ne suka rufe gidan."

"Na kira ka, Ngatangue. Na kira sunanka har bakina ya bushe."

"An gaya mini. Mai allurar ya ce har matarsa ta yi kuka da ta ji ki. Kowa ya ji, ni da aka kira ne ban ji ba."

Bai ɗora mata laifi ba, ita ma ba ta ba shi haƙuri ba. Suka koma gida ta zuba masa nono, ya sha rabi ya ajiye. Ya yi mako guda yana gyara shingen garke, sannan ya koma bakin aikinsa, don mai gandun ba ya son a daɗe.

Ta koma Windhoek ta ci gaba da karatu, amma wani abu ya fita daga ranta. Takan zauna gaban makirfo ta riƙa tunanin ko ina muryar ke tsayawa, ko wane shinge ne iyakarta yau. An gyara tashar gabas kafin zaɓe mai zuwa, aka yi biki, aka yanka ƙyalle, Gariseb ya tsaya a baya yana shan taba. A shekarar ta ajiye aiki tun kafin lokacinta ya cika. Aka yi mata ɗan taro a ofis da lemo da gasasshen nama, Kuveri ya yi jawabi. Wasu matasa da ke shirin buɗe ƙaramar rediyo ta gari a Gobabis suka roƙe ta ta zo ta riƙa taimaka musu. Ta ce za ta yi tunani, ba ta je ba.

Yanzu tana Aminuis a gidan Tjikuu, da 'yan awakinta da ciwon kafaɗarta. 'Yarta ta saya mata babbar waya, tana ajiye da ita a kan taga inda sabis ke ɗan leƙowa. Ngatangue yana zuwa duk Kirsimeti, su zauna a inuwa, hira kaɗan, shiru da yawa. A coci an so ta riƙa karanta sanarwa ran Lahadi, ta ce a ba wata, ita ta yi nata.