Malam Ikrima Ya Tafi Ya Bar Kifi Kan Ƙwai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Maris, 2006, ina cikin aji a Gummi, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya bakin taga ya ce Malam Ikrima Modibbo na Bukkuyum ya rasu. Na ce masa ya sake bincikawa, ai ranar Juma'a muna tare. Wai zazzaɓin kwana biyu. Abokina, har muka sa ka a kabari, zuciyata na raya mini wani Ikrima ake nufi.

Shekara goma sha ɗaya muka koyar a makaranta ɗaya, ni Larabci, kai kimiyya, amma ban taɓa gane sha'aninka da kifin nan ba. A 1998 ka dawo daga kwas a Kaduna rungume da jarka, cikinta kifaye huɗu masu ratsin ja da shuɗi, kowanne bai kai tsawon yatsa ba. Ka ce sunansu gurami, asalinsu Indiya. Ka sa aka haɗa maka akwatin gilashi, ka kafa a zaurenka. Mutane suka yi ta dariya, wai ga gulbi cike da tarwaɗa, kai ka zaɓi kifin da ba ya shiga miya. Da ni aka yi dariyar.

Ba ka taɓa nuna ɓacin rai ba. Lokacin da ɓarin jikin maƙwabciyarka Inna Turai ya shanye, ta daina ko kallon masu gaishe ta, sai ka zuba kifi biyu a babbar kwalbar alawa ka aje mata kusa da gado. Duk Asabar kana zuwa canza ruwan, har shekara biyu. Jikokinta sun shaida mini da kifin take hira.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, matarka Habsu ta aiko a kira ni. Ta tsaya bayan labule ta ce, "Malam Makau, kifayen nan sun yi wani abu tun jiya. Ni ban san mi za ni yi musu ba."

Na leƙa akwatin. Kumfa ta taru a kusurwa ƙarƙashin ganye, namijin yana korar macen har wutsiyarta ta yage. Sai na tuna kakan ce namiji ke gina sheƙar kumfa, kuma in an yi ƙwai dole a fitar da ɗayansu. Wanne? Ka faɗa mini ya fi sau goma, ni kuwa ina ce maka "to" hankalina na wani wuri. Na buɗe littafin da kake rubuta lamarinsu, na tarar da zane-zane da Turancin da ya fi ƙarfina. Na daɗe zaune, masu gaisuwa na wucewa suna kallona. Daga ƙarshe na yi bisimilla, na kwashe macen da rariyar shayi na sa ta a bokiti.

Ranar sadakar uku na ga wasu ƙananan abubuwa kamar gashin ido suna reto ƙarƙashin kumfar. Na murtsuke musu gwaiduwar dafaffen ƙwai yadda na taɓa gani kana yi, amma hannuna ya yi nauyi, ruwan ya yi fari, fiye da rabinsu suka mutu. Yau goma sha tara suka rage. Ban sani ba ko lokacin raba su da uban ya yi, kuma daga Anka har Gummi na rasa wanda zan tambaya. Ka yafe mini, abokina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Habsu, da 'ya'yanka Saminu da Zulaihat, da dukan zuriyar Modibbo ta Gwashi. Allah ya ba su haƙurin wannan rashi. Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa tausayin da ka nuna wa mutane da ƙananan halittu ya yi nauyi a mizaninka. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.